Me ya sa duk kiɗan da na tsara yake fitowa da fiyano? Yadda ake zaɓen sauti ta MIDI

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi akwatin sauti Roland JV-1080 na hannu, na haɗa shi da kwamfuta, ina tsara kiɗa da manhajar Cubase. Na buɗe layi biyar, amma duka da fiyano suke fitowa. In na zaɓi sautin da nake so a jikin akwatin, ina danna kunnawa sai ya koma fiyano. Kuma daga kwamfuta ba na iya kaiwa ga sauti fiye da 128, alhali akwatin yana da ɗaruruwa. Na'urar ce ta lalace?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, akwatinka lafiyarsa ƙalau. Abubuwa ukun da ka lissafa duk tushensu ɗaya ne, kuma kusan duk wanda ya fara haɗa kwamfuta da akwatin sauti sai ya bi ta nan.

Fara riƙe wannan: wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni kawai take kaiwa. An danna maɓalli kaza da ƙarfi kaza, an sake shi, a koma sauti mai lamba kaza. Cubase bai san akwai sarewa ko garaya a cikin akwatinka ba, bai ma san sunan sauti ko ɗaya ba. Lambobi yake aikawa, akwatin ya fassara su yadda kamfanin da ya ƙera shi ya tsara. Tun 1983 tsarin yake haka, shekarar da aka nuna wa jama'a Prophet-600 na kamfanin Dave Smith yana magana da Jupiter-6 na Roland a baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Amurka. Abin da aka shimfiɗa a lokacin shi ne har yau yake tafiya a wayar nan mai haƙora biyar da ke bayan akwatinka.

Matsalar farko, ta layi biyar duka fiyano, maganar tasha ce. Waya ɗaya tana ɗaukar tasha 16, kowace tasha kuma sauti ɗaya take riƙewa a lokaci guda. In layukanka biyar duk suna aikawa ta tasha ta 1, to makaɗi ɗaya kake ba wa aikin mutum biyar, kuma da abin da ke hannunsa zai buga. Ka duba gefen hagu na Cubase, inda bayanan layi suke, ka ba kowane layi tasharsa: fiyano 1, bes 2, sarewa 3, da sauransu. Ka kula kada ka bar shi a kan Any, domin a nan layin yana aikawa ne ta tashar da aka ɗauke shi da ita, kuma yawancin fiyanon da muke bugawa da su ta tasha ta 1 suke aikawa. Ganguna ka sa su a tasha ta 10.

Sai ɓangaren akwatin, wanda a zatona nan ne ainihin inda ka maƙale. JV-1080 yana da yanayin Patch da yanayin Performance. A na farkon, akwatin gaba ɗayansa sauti ɗaya ne yana sauraron tasha ɗaya, an yi shi ne don wanda zai zauna ya buga da hannu. A na biyun ne yake rabuwa kashi 16, kowane kashi da tasharsa da sautinsa, kashi na 10 kuma na ganguna. Mai tsara kiɗa da kwamfuta a Performance yake zama. Danna maɓallin, ka zaɓi wanda aka jera kashi na 1 a tasha ta 1, na 2 a ta 2, har ƙarshe. Akwai 'yar fitila a gaban akwatin da take ƙiftawa duk lokacin da saƙon MIDI ya shigo. Ka saba da kallonta. In tana ƙiftawa amma ba sauti, waya lafiya lau, matsalar tasha ce ko ƙara. In ba ta ƙiftawa sam, koma ka duba waya: OUT na kwamfuta ne yake shiga IN na akwati. Wayoyin USB masu araha sukan rikita mutum a nan, don wasu rubutun da ke jikinsu yana nufin inda za a soka ne, wasu kuma yana nufin abin da wayar take. In bai yi ba, juya su kawai.

Yanzu maganar 128, wadda ita ce zuciyar tambayarka.

Saƙon da yake canza sauti, wanda za ka ga an rubuta Program Change a manhaja, lamba ɗaya yake ɗauka, daga 0 zuwa 127. Iyakarsa ke nan, saboda gurbin da aka ware wa lambar a cikin saƙon ba ya ɗaukar fiye da haka. A 1983 babu wanda ya damu, yawancin na'urorin lokacin sautukan da suke ajiyewa ba su kai 128 ba. Da na'urori suka girma sai aka rasa yadda za a yi, kuma ba a so a rushe tsarin da kowa ya riga ya ɗauka. Sai aka kasa sautuka rukuni-rukuni, kowane rukuni 128, ana kiransa banki, aka ware saƙonni biyu daga cikin saƙonnin sarrafawa don zaɓen bankin: mai lamba 0, wanda ake rubutawa MSB, da mai lamba 32, wanda ake rubutawa LSB. Kowannensu shi ma 0 zuwa 127 ne, don haka in an haɗa su ana iya samun banki 16,384.

Ke nan kowane sauti adireshinsa lamba uku ce, tamkar unguwa da layi da lambar gida. Kai lambar gida kawai kake ta aikawa, shi ya sa kake ta zagaye a layi ɗaya.

Ga yadda Roland ya raba na JV-1080. Bankin User, inda kake ajiye naka sautukan, MSB 80 ne, LSB 0. Sautukan da suka zo da akwatin duk MSB 81 ne: PR-A yana LSB 0, PR-B yana 1, PR-C yana 2, na GM, wato jerin sautuka na bai-ɗaya da zan yi bayaninsa a gaba, yana 3. In akwai katin ƙari na SR-JV80 a ciki, don akwatin yana da gurbi huɗu, to MSB 84 ne. Katin gurbin farko yana cin LSB 0 da 1, na gurbi na biyu 2 da 3, haka har na huɗu, saboda kati ɗaya yakan wuce sauti 128. Tunda na hannu ka saya, yana da kyau ka leƙa ko tsohon mai shi ya bar maka kati. In ka dace da mai suna World, akwai kayan kiɗan gargajiya na ƙasashe daban-daban a cikinsa da za su yi maka amfani.

Mu ɗauka kana son sauti na 20 a PR-B, a tasha ta 3. Abin da zai fita daga kwamfuta shi ne saƙon sarrafawa 0 da ƙimar 81, sai saƙon sarrafawa 32 da ƙimar 1, sannan Program Change. A wannan jerin, ba a wani ba. Akwatin yana karɓar na farko da na biyu ya ajiye su a ransa, ba abin da zai motsa a fuskarsa, sai na ukun ya iso sannan ya canza. Wannan shi yake ruɗa mutane: su canza banki, su ga shiru, su ce ba ya aiki. Yana aiki, jira yake. Haka kuma in Program Change ya riga saƙon banki isa, za ka samu sauti na 20 amma a tsohon banki. Shi ya sa nake ba da shawarar kada a ɗora su ukun a daidai wuri ɗaya. A buɗe List Editor na Cubase, a jera su ɗaya bayan ɗaya da 'yar tazara kaɗan tsakaninsu, ido yana gani.

Akwai wani tarko kuma. Wasu manhajoji ba sa ba ka gurbi biyu, gurbin banki ɗaya ne tak. A nan sai ka yi lissafi: MSB sau 128, a tara da LSB. PR-A ya zama 81 sau 128, wato 10368. PR-B 10369, PR-C 10370, User kuma 10240. Manhajar Cakewalk da wannan lissafin take aiki. In ka ga lamba mai girma haka a wani wuri kada ta ba ka tsoro, lambobi biyun nan ne aka dunƙule.

Sannan rikicin ɗaya. Waya tana ƙirga daga 0 zuwa 127, amma littattafan na'urori da yawa suna ƙirga daga 1 zuwa 128, manhajoji kuma kowace da nata ra'ayin. Sakamakon shi ne ka nemi sauti ka samu maƙwabcinsa. A jerin GM sarewa ita ce ta 74. In ka rubuta 74 ka ji wata siririyar sarewa mai tsini, to 73 ka samu, ƙara ɗaya. In ka ji mai taushi irin ta 'yan makaranta, 75 ce, rage ɗaya. Gwaji ɗaya ya isa ka gane halin manhajarka: aika lamba mafi ƙanƙanta a PR-A, ka kalli fuskar akwatin. In ta nuna 001 da sunan 64voicePiano, kun daidaita. Ableton Live har gurbin banki daga 1 yake ƙirgawa, don haka mai aiki da shi 82 zai rubuta inda littafin Roland ya ce 81. Tsofaffin na'urori irin su Roland D-50 na 1987 kuwa nasu salon daban ne, suna lambanta sauti daga 11 zuwa 88 babu 9 babu 0, takwas-takwas, sai mutum ya zauna ya mayar da su lissafin yau da kullum.

Tunda na ambaci GM, bari in ɗan tsaya a kansa, don duk wanda yake sauko da fayilolin MIDI daga intanet da shi yake mu'amala ko bai sani ba. Kafin 1991 kowane kamfani yadda ya ga dama yake jera sautukansa, kiɗan da ka tsara a na'ura ɗaya in ka kai wata sai bes ya koma ƙararrawa. A 1991 aka amince da General MIDI: sauti 128 a jeri ɗaya ga kowa. Fiyano 1, jita mai tsirkiyar roba 25, bes na yatsa 34, goge irin na Turawa 41, taron gogaye 49, kakaki 57, sarewa 74, sitar 105, kalimba 109, shanai 112. Shanai ɗin nan ta Indiya 'yar'uwar algaita ce, duka biyun da bakin kara mai harshe biyu ake busa su, shi ya sa in babu wani zaɓi ita ake kamawa a lanƙwasa ta. A tasha ta 10 kuma kowane maɓalli ganga ce daban: 36 babbar ganga ta ƙafa, 38 mai tsartsara, 42 faifan ƙarfe a rufe.

To amma 128 ba su ishi kamfanoni ba, sai kowa ya yi nasa ƙarin, kuma a nan ne lambobin banki suka rabu. Roland ya fito da GS tare da SC-55 a 1991, inda MSB ne yake zaɓen nau'o'in sauti. Yamaha ya fito da XG a 1994 ya juya abin: MSB 0 na sautukan yau da kullum, LSB ne yake zaɓen nau'i, MSB 127 na ganguna, 64 na sautukan ƙawa irin su ruwan sama da harbin bindiga. GM2 na 1999 ya sa 121 ga kayan kiɗa, 120 ga ganguna. Abin da ya sa na kawo wannan, situdiyoyinmu na Kano da Kaduna da Jos da fiyanon Yamaha PSR suka ginu, kuma da yawa daga cikinmu lambobin Yamaha ne a kanmu. Wanda ya saba da PSR ya san sautukan gaban allo masu daɗi yawanci daga LSB 112 suke farawa. Ka ɗauki wannan lamba ka aika wa JV-1080, zai yi biris da kai, domin ba shi da wannan adireshin. Kowace na'ura da jerinta, yana can ƙarshen littafinta ko a wani ɗan littafi daban na jerin sautuka. Nemo na akwatinka a intanet ka buga shafukan a takarda, ka manna a bango kusa da inda kake zama. Ya fi maka kowane bidiyon koyarwa.

Saura matsalar komawa fiyano da zarar ka danna kunnawa. Wannan ba aljani ba ne, wani ne yake aika Program Change ba da saninka ba, kuma wurare uku ake samunsa. Ko dai a gurbin sauti da ke gefen layin akwai lamba a rubuce, Cubase kuma yana aika ta duk lokacin da aka kunna. Ko kuma lokacin da kake ɗauka ka taɓa maɓallin canza sauti a fiyanon da kake bugawa, saƙon ya shige cikin layin ya kwanta. Ko fayil ɗin na wani ne, an sa masa saƙon share fage a farkonsa. Na ƙarshen nan yana da ƙarfi: saƙon GM System On, wanda za ka gani a rubuce F0 7E 7F 09 01 F7, yana mayar da duk tashoshi fiyano in ban da ta 10, yana kuma iya jefa akwatinka cikin yanayin GM ya fitar da kai daga Performance ɗin da ka shirya. A na'urorin GS ma har toshe kunnensu yake yi daga saƙon banki, sai an aika musu nasu saƙon share fagen na GS sannan su dawo suna ji. Buɗe List Editor, ka duba mashigin kowane layi, duk abin da ba kai ka sa ba ka goge.

Wasu in sun gaji sai su shiga saitin akwatin su kashe karɓar Program Change gaba ɗaya, su riƙa zaɓen sauti da hannu. Yana kashe wutar nan take, amma ni ban goyi bayansa ba. Ranar da mawaƙi ya dawo bayan wata biyu ya ce a rage masa amshi, ka buɗe aikin, ina za ka tuna wace sarewa ce a tasha ta 3? Ga kuma wani yaron situdiyo ya riga ya taɓa akwatin. Ga batirin da ke riƙe ajiyar User, wanda a na'urar da aka ƙera tun 1994 ba abin dogaro ba ne sai ka canza shi. In lambobin suna cikin waƙar kanta, ko a wane JV-1080 ka kunna ta za ta tashi da kayanta.

Yadda nake tsarawa shi ne in bar ma'aunin farko, wato bar na farko a Cubase, fanko, kiɗa ya fara a na biyu. A cikin fankon nan, in akwai saƙon share fage shi ne a gaba, a ba shi sarari, don na'urori suna buƙatar kamar kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa su farfaɗo daga gare shi, abin da ya iso a wannan tsakanin yana iya faɗuwa. Bayansa sai banki da sauti na kowace tasha, sai ƙara da saƙo mai lamba 7, sai matsayin hagu ko dama da mai lamba 10. Dalilin barin sarari shi ne wayar MIDI ba ta da sauri: bit 31,250 take kaiwa a daƙiƙa, saƙo ɗaya bayan ɗaya. Canza sauti a tashoshi 16 duka yana cin kusan kashi 40 cikin dubu na daƙiƙa. In ka cusa wannan a kan bugun farko na waƙa, kunne zai ji gangar ta makara, wani lokaci ma harafin farko, wato maɓallin farko da aka buga, ya fito da tsohon sauti. Haka in za ka canza sauti a tsakiyar waƙa, sa saƙon a inda tashar ta yi shiru, ɗan gaba kaɗan da shigowar sabon sautin. In kana da tashar da ba ka amfani da ita ma, gara ka ba sabon sautin tasharsa ka huta.

Ka yi hattara da tasha ta 16 a akwatinka. JV-1080 yana da tashar da ya ware don canza Performance ɗin gaba ɗaya, kuma daga kamfani a kan 16 take zuwa. In ka aika Program Change ta nan da nufin canza sautin kashi na 16, sai ka ga duk shirin ya juye. Ko ka bar tashar, ko ka shiga saitin System ka kashe wannan.

In ka gaji da lambobi, akwai sauƙi. A Cubase ka buɗe MIDI Device Manager, ka ɗora JV-1080, ka nuna masa ta wace kafa yake fita, daga nan sunayen sautuka za su bayyana a gefen layi, ka danna suna shi kuma ya aika lambobi ukun a madadinka. Cakewalk yana yin haka da fayil mai ƙarewa da ins, Reaper da reabank. Masu FL Studio kuma da MIDI Out suke aiki, kuma abin da ya fi kayar da su shi ne lambar kafa: wadda ke jikin MIDI Out dole ta zama ɗaya da wadda aka ba wayar a saitin MIDI, in ba haka ba ko ƙiftawa fitilar ba za ta yi ba. Sunayen suna da daɗin aiki, amma jeri ne kawai da wani ya rubuta. Bai san abin da ka ajiye a User ba, bai san wane kati ne a wane gurbi ba. Ranar da ka danna suna ka ji wani abu daban, lambobin nan ne za su fitar da kai.

Wani abu da za ka lura da shi bayan komai ya daidaita: sautin da ya cika kunne a yanayin Patch, in ka kira shi a Performance sai ka ji ya rame. Ba kuskuren lamba ba ne. Akwatin yana da injin ƙawata sauti na musamman guda ɗaya, ban da amsa-kuwwa da korus, kuma a Performance kashi 16 ne suke rabonsa. JV-2080 da ya biyo baya guda uku aka sa masa saboda wannan ƙorafin. Haka muryoyi 64 da yake da su na kowa da kowa ne, kuma sauti ɗaya yana iya cin har huɗu a kowane maɓalli, don haka in kiɗa ya yi cunkoso za ka ji wasu haruffa suna yankewa. Maganin duka biyun ɗaya ne: bayan ka gama tsarawa, ka ɗauki manyan sautukan ɗaya bayan ɗaya a yanayin Patch, kowanne da cikakkiyar ƙawarsa.

Ɗaukar nan kuwa dole ce ko da ba don haka ba. Tunda sautin a cikin akwati yake, in ka fitar da waƙar daga Cubase kai tsaye za ka samu muryar mawaƙi ita kaɗai, kiɗa babu. Sai ka ja waya daga mafitar sauti ta bayan akwatin, hagu da dama, zuwa katin sautinka, ka buɗe layin ɗaukar sauti, ka kunna waƙar daga ma'aunin farko domin saƙonnin banki su wuce, ka bar ta ta tafi da saurinta har ƙarshe.